Yadda Yaya Sammani Ya Koyi Saukewa

Duk wanda ya taɓa ciniki a layin hatsi na Babbar Kasuwa a zamanin soja ya san Sammani Guguwa. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ina da ikon in faɗi aibinshi: ban taɓa ganin ɗan Adam mai gaggawa irinshi ba. Tun muna yara in aka zuba mana tuwo a kwano ɗaya, kafin in gama wanke hannu ya ci rabi. Tafiya da sauri, magana da sauri, har salla sai da babanmu ya sha tsayawa a bayanshi yana cewa ya sake, wannan ba ta karɓu ba.

Da dako ya tashi. Ba wani ƙato ba ne, gajere ne ma, amma in ya sunkuya gaban buhun gero sai ka ga buhun ya bar ƙasa kamar an kira sunanshi. Fizga ɗaya ya kai gwiwa, ta biyu ya hau kafaɗa, ya haye katakon da aka jingina a jikin mota da gudu, ya wurgar, tim. Haka aikin yake, ba laifinshi ba ne. Direba na jira, mai kaya na jira, ɗan dakon da ya tsaya lallaɓa buhu gobe ba wanda zai kira shi. Shekara da shekaru jikinshi abu biyu ya sani, ya fizga ya jefar.

Sai Allah ya haɗa shi da Madina, matar da ba ta da labarin ana sauri a duniya. Doguwa ce, mai jiki, in tana tafiya sai ka ce tsoro take kada ta tashi ƙasa daga barci. Alkaki take yi na biki, aikin da sai an kwaɓa an bar shi ya kwana, a zauna a naɗe shi ɗaya bayan ɗaya. Mu dangi muka ce auren nan ba zai shekara ba. Ya haura shekara ashirin muna kallo. Sun haihu sau biyu, Allah ya karɓi abinshi tun suna goye, daga nan shiru. Suka zauna su biyu a ɗan gidansu na Ƙofar Durbi, lungu ɗaya da nawa. In na shiga da la'asar sai in tarar da shi zaune kan turmi yana zuba mata labarin kasuwa kamar ana binshi, ita kuwa tana murza alkaki tana murmushi, sai ya kai labari na uku take amsa na farko.

Bayan ƙaramar salla, a shekarar da aka ce sojoji za su koma bariki, ana ta layin zaɓe a makarantun firamare, Madina ta faɗi gaban kasko. Hawan jini, in ji likita. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya, ita ma sai an kasa kunne. Da aka sallamo su daga asibiti aiki ya faɗo mana: a ɗaga ta daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa bayi, da yamma a fito da ita tsakar gida ta ga sama. Ni wanka da wanki da girki duk ina iyawa, amma bayana ya daɗe da lalacewa, ko tulu ba ni ɗauka. Ɗagawa sai Yaya. Ya ce wannan ai ba komai ba ne, buhu nawa ya ɗaga a rayuwarshi.

Abin ya faru ne a gaban idon yayanta, Alhaji Usman, wanda ke aikin gwamnati yana zaune a GRA. Ya zo dubiya, lokacin mai da ta gado ya yi. Yaya ya sunkuya, ya sa hannu, ya fizga. Kanta ya yi baya, ta zaro ido. Kafin in buɗe baki ya kai bakin gado, ya fara sauke ta lafiya lau, amma da ya rage kamar taki ɗaya na hannu sai ta kuɓuce mashi. Ba da gangan ba. Hannun ne bai san abin da ake yi a daidai wurin nan ba, ya saba saki. Ƙugunta ya bugi ƙarfen gado. Sautin da ya fito daga bakinta har yau yana cikin kunnena.

Alhaji Usman mutumin kirki ne, kada wani ya ɗauka mugun labarin nan ne. Bai ɗaga murya ba. Ya bari ta yi shiru, ya ja Yaya zaure ya gaya mashi zai ɗauki ƙanwarshi ta yi jinya gida. Yana da mata da 'ya'ya mata a gida, zai sa magini ya gyara mata ɗaki da bayi a ciki, ranar da za a miƙa mulki ba aiki, zai zo da mota. Ba wanda zai ce ya yi ba daidai ba, al'ada ce, mace in ciwo ya yi tsawo gidansu take komawa. Sai dai mun san irin wannan tafiyar. Miji ya koma baƙo mai sallama a ƙofar falo, ya gaisa ya tashi, sau da yawa kuma ba a dawowa. Da na gaya wa Madina, hawaye suka gangaro ta ido ɗaya, ta daɗe tana kokawa da harshenta kafin ta ce, "Ɗakina."

Bayan gidana akwai wani kango da ƙatuwar bishiyar bedi a tsakiya. Nan samarin unguwa ke taruwa da la'asar suna ɗaga ƙarfe: gwangwanayen fenti da aka cika da siminti aka zura masu bututu, da tsoffin ƙarafan tirela da aka kwaso daga gareji. Mai kula da su Saje Daniel ne, tsohon soja mutumin kudancin Kaduna, wanda ya yi aikin motsa jikin kurata har ya bar aiki ya kama gadi a GRA. Sau biyu ina aika mashi cewa yaranshi za su fasa mani tukwane, don in suka yar da ƙarfen nan har kwanukan ɗakina sai sun amsa. Duka biyun ya aiko da haƙuri, ya ce shi ma ƙarar ba daɗinta yake ji ba.

Washegarin abin nan ina bisa soro ina shanya kuɓewa, sai na hango Yaya ya shiga kangon. Na san abin da ya kai shi, zuciya ce ta cika yana neman abin da zai huce a kai. Ya nufi ƙarfen da ya fi kowane girma, wanda samari biyu ke kamawa, ya fizge shi har ƙirji, ya watsar. Ƙasa ta girgiza, yara suka yi ta tafi. Saje bai tafa ba. Ya nuna mashi wani da bai kai rabin wancan ba, ya ce ya ɗaga yadda ya ga dama, amma ya ajiye shi yadda ba za a ji ƙara ba.

Yaya ya yi dariya. Ya ɗaga, ya fara saukewa. Zuwa gwiwa lafiya. Ƙasa da gwiwa hannuwa suka fara rawa, wuya ya ɗaɗɗaure, da ya rage taki ɗaya ƙarfen ya tafi abinshi, ƙwal. Ya sake, haka. Ya sake, haka. Sai na ga ya tsuguna yana kallon ɗan tazarar nan da ke tsakanin hannunshi da ƙasa, ya daɗe bai tashi ba. Daga baya ya gaya mani a nan ne ya ba Saje labarin Madina, shi da ko ni sai da ƙyar nake jin cikinshi.

Abin da Saje ya gaya mashi, yadda ya maimaita mani, ba mai tsawo ba ne. Ya ce jiki abin da aka saba tambayarshi shi yake bayarwa. Fizga tana da ƙarfinta, ƙarfin tashi ɗaya, kuma kada ya bar ta, da ita yake cin abinci. Amma mai fizga yana barin gudu ya yi mashi rabin aikin, mai jefarwa kuma yana barin ƙasa ta yi mashi sauran. Tsoka tana da wani ƙarfin da ba ya fitowa sai an hana kaya faɗuwa a hankali, tana miƙewa tana riƙewa, kuma a nan nama ke ƙaruwa sosai. Ya ce Yaya ya ba shi watannin nan da suka rage kafin Alhaji ya zo da mota, da ƙarfe mara nauyi za su fara.

Kwana biyu bayan darasin farko na shiga gidansu na tarar da Sammani Guguwa, mai loda mota guda kafin azahar, ya kasa ɗaga hannu ya sa hula. Cinyoyi sun ƙage, zama sai ya dafa bango. Wallahi sai da na yi dariya har da riƙe ciki, Allah ya yafe mani. Madina ma ɓarin bakinta mai lafiya ya ɗan motsa. Ya ce Saje ya riga ya gaya mashi haka za a yi, ciwon saukewa sai ya kwana biyu yake zuwa gaisuwa, kuma zai rage in jiki ya saba.

Babbar wahalar ba nauyi ba ce, halinshi ne. Saje na ƙirga mashi irin na soja, kafin ya kai tsakiya Yaya ya dire ƙarfe yana jiran na gaba. Da abin ya ishi Saje sai ya tambaye shi ko akwai wani abu mai ɗan tsawo da ya haddace wanda ba ya iya yankewa a tsakiya. Yaya ya ce tasbihi: Subhanallahi, walhamdu lillahi, wa la'ilaha illallahu, wallahu akbar. Saje ya ce to ya fara da ƙarfe a sama, kada ya taɓa ƙasa sai ya kai ƙarshe. Yaya ya zuba shi a numfashi ɗaya kamar yadda ya saba. Saje ya girgiza kai.

"Ba haka ba, Malam Sammani. Yi shi yadda matarka za ta yi shi."

Daga ranar nan na rasa kuɓewa da yawa, don tsuntsaye sun sha cinye mani shanya ina tsaye ina kallo. Lokacin bazara ne, zafi ya kwanta a gari, bedi ya yi fure, ƙamshin nan nashi mai sa kasala ya cika kangon. Rana ta karkata, inuwa ta yi tsawo, furanni ƙanana suna zubowa a kan kafaɗun Yaya ba ya kaɗewa. Ƙarfen na sauka daga ƙirjinshi kamar cikin ruwa yake nitsewa, leɓenshi na motsi, idonshi a lumshe. Samari su daina surutu. Wani lokaci Saje ya ce tsaya, sai ya tsaya inda yake, ko a sama ko a taki ɗaya da ƙasa, har sai an ce ci gaba. Ni kuma daga bisa sai in ji kamar unguwar duka ta tsaya tare da shi, da kurciyar da ke kuka, da hayaƙin gidajen da suka ɗora tuwo. Sau da yawa kiran magariba ne ke farkar da ni.

A gari kuwa kowa mafarkinshi yake. Rediyo a kowace ƙofa, ana lissafin abin da farar hula za su kawo, wannan ya ce ruwan famfo, wancan ya ce wuta ba ɗaukewa, mijina Malam Babaji ya ce takin zamani zai yi arha. Yaya bai taɓa sa baki ba. Da safe yana kasuwa yana fizgar buhu kamar da, da la'asar yana kango. Saje ya sa aka ɗinka doguwar jaka aka cika da yashi, mai lanƙwasa kamar mutum, ya riƙa sa shi yana ɗaukar ta daga ƙasa da ƙarfin ƙafa, ya kwantar a kan benci da kofin ruwa cike a gefe. Tun ruwan na zuba har ya koma rawa kawai, har ya daina. Damatsanshi suka cika, bayanshi ya yi faɗi, rigunanshi suka fara kama shi, sai da na buɗe mashi hammatar guda biyu.

A gida ma abin ya canza. Wata yamma ya fito da Madina tsakar gida ya zaunar da ita kan katifa a gindin bango, na ga ta rufe ido tun tana hannunshi ba ta buɗe ba sai da ya zare hannu. Da ya fita na tambaye ta yaya take ji yanzu in ya sauke ta. Ta yi ta neman kalma, ta yi ta nema, can ta ce, "Goyo." Na gane nufinta. Yadda uwa ke kwance zane ta zame yaro mai barci daga bayanta bai sani ba. Na juya na yi kamar ina gyara murhu, don kuka ya zo mani.

Sai dai Alhaji bai ga duk wannan ba. In ya zo dubiya a kwance yake tarar da ita. Yaya kuwa kunyar abin da ya faru ta hana shi ya tunkare shi, sai ya roƙi Malam Babaji ya je. Malam ya dawo ya ce Alhaji ya karɓe shi da mutunci, ya nuna mashi ɗakin har an yi fenti, ya ce magana ta riga ta ƙare, shi abin da ya gani da idonshi ba zai iya mantawa ba.

Ranar ta zo, Asabar ce, da hantsi, hadari ya ɗan taso ta gabas ya tsaya. Duk lungun ba ka jin komai sai rediyo, badujala na tashi daga kowane zaure. Alhaji ya iso da doguwar fijo, an kwantar da kujerun baya an shimfiɗa katifa, ya zo da samari biyu da za su kama. Na riga na ɗaure kayanta. Yaya ya fito ya gaishe shi har ƙasa, ya ce abu ɗaya yake roƙo, a bar shi ya kai ta mota da kanshi. Alhaji ya ɗaga kai alamar ya yarda.

Yaya ya shiga, muka bi shi. Ya durƙusa, ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗunta ɗaya ƙarƙashin gwiwoyi, ya jira ta sauke numfashi, ya miƙe da ita kamar hayaƙi na tashi. Ya ratsa tsakar gida, ya wuce kaskon alkakinta da ke kife tun ranar da ta faɗi, ya bi ta zaure a karkace don kada ƙafarta ta taɓa bango. A bakin mota ya sunkuya, rabin jikinshi a ciki, ba wurin dafa gwiwa, ya fara saukewa leɓenshi na motsi. Da ya rage taki ɗaya tsakaninta da katifa, sai Madina ta ɗaga hannunta na hagu, mai lafiyar, ta damƙi wuyan rigarshi.

Ya tsaya a nan. Bai sauke ba, bai ɗago ba. A rediyo aka fara harba igwa, ɗaya bayan ɗaya, mutane a wani zaure suna tafi. Gumi ya taru a haɓarshi yana ɗiga kan zanenta. Ni da na san nauyin Madina, na kuma san abin da wurin nan ya taɓa yi mana, sai na kama addu'a a raina. Alhaji ya matso ya ce mashi a hankali ya ajiye ta haka nan, zai gaji.

"Ita ta riƙe ni, Alhaji. In ta saki sai in ajiye."

Alhaji ya leƙa ta ɗaya ƙofar ya dubi fuskar ƙanwarshi. Ba tsoro a ciki, kwance take a hannun mijinta kamar a kan gado, ko gezau. Ta dube shi ta faɗi kalmar nan tata, ɗakina. Ya dubi hannuwan Yaya, ya daɗe yana dubansu, ina jin jira yake ya ga sun yi rawa. Aka gama harba igwa ba su yi ba. Sai ya cire tabarau ya goge ido da bakin babbar riga, ya ce, "Mai da ta, Sammani." Yaya ya ɗago da ita a hankali kamar yadda ya sauke, ya juya. Ni na kwance ƙullin kayan da na ɗaure.

Farar hula suka zo, ruwan famfo bai zo lungunmu ba, amma Madina ta yi shekaru masu dama a ɗakinta. Kullum da yamma tana tsakar gida tana kallon sama, Yaya na kan turmi yana ba ta labarin kasuwa, yanzu yana tsayawa ya jira amsa. Alhaji ya riƙa zuwa duk Juma'a da lemo da magani. Yaya bai bar kangon ba ko bayan da Saje ya koma garinsu, shi ya gaji kula da samarin, kuma tun daga lokacin tukwanena suka huta.

Ta rasu da safe, cikin damina, a kan gadonta. Ciwo ya riga ya cinye jikin nan nata, a ƙarshe ko ni da mugun bayana ina iya juya ta. Mu mata ba mu zuwa maƙabarta, Malam Babaji ne ya ba ni labari da ya dawo. Ya ce Yaya ne ya shiga kabarin ya karɓi wajen kai da kafaɗu, wasu suka kama ƙafafu. Masu ƙafafu suka sauke nasu suka miƙe, shi yana nan sunkuye, yana sauke ta kaɗan-kaɗan, leɓenshi na motsi. Yayyafi ya fara, mutane suka soma duban juna. Wani dattijo ya buɗe baki zai yi magana, Alhaji Usman ya dafa hannunshi ya ce a ƙyale shi.

Malam ya ce shi ne a tsaye dab da bakin kabarin, ya kuma kasa kunne, amma bai ji lokacin da ta taɓa ƙasa ba.